Ɗan Jan Ido a Bakin Tukunyar Burkutu

Duk inda ake dafa burkutu a tsakar gida, a ƙauyukan Filato ne ko kudancin Kaduna ko gidajen Maguzawa, akwai baƙon da ba ya jiran gayyata. Bai kai girman ƙwayar dawa ba, tsawonsa milimita 3 ne kacal, jikinsa ruwan ƙasa, idanunsa jajaye wur. Shi ne dai ƙaramin ƙudan nan da ke shawagi kan ruɓaɓɓen mangwaro da ƙwaryar kunun zaƙin da ya kwana.

Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, kuma wanda ya ga gawarwakinsu suna yawo a kan kumfar giya ba zai musa ba. Sai dai ni ina ganin an yi wa wannan ƙaramin rashin adalci. Abin da ke jawo shi yis ne, ƙwayar halittar da ke sa tsimi ya tashi, domin ita ce abincin tsutsotsinsa. A shekarar 2014 masana a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa yis ɗin ma yana fitar da ƙamshi irin na 'ya'yan itace da ke kiran ƙudan, shi kuma ƙudan ya kwashi yis ɗin a ƙafa ya kai shi sabon wuri. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan, tun kafin ɗan Adam ya san jiƙa dawa. Ƙudan ma asalinsa ɗan Afirka ne: binciken da aka yi a dazukan Zimbabuwe ya same shi manne da 'ya'yan danya, wato nunun da yaranmu ke tsotsa.

To ina laifinsa? Kirarinsa ne ya faɗa: ƙuda ba ka haram. Ƙafar da ta ɗauko yis ita ke ɗauko ƙwayoyin da ke mayar da giya ruwan tsami. Ɗan tsami yana cikin ɗanɗanon burkutu, amma in ya yi yawa, wahalar kwana da kwanaki ta tashi a banza: jiƙo, tsiro, shanya, niƙa da itacen da aka ƙona.

Muddin ganga na tafasa, ba ya kusantarta. Sai an sauke, ruwan ya huce, ƙamshi ya fara tashi, sannan za ka gan su sun jeru a leɓen tukunya, suna taka ɗigon da ya zubo, don da ƙafa suke ɗanɗano. Faifai bai isa ya tare su ba, ta gefe suke kutsawa. Ƙyalle mai tsabta, mai matsattsiyar saƙa, a ɗaure bakin tam da igiya, shi ne magani. Dusar da aka tace kuwa kada a bar ta kusa, a kai wa dabbobi tun da ɗuminta, domin macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma cikin kwana 10 ƙwan ya zama ƙuda mai tashi. Wasu kan ajiye ɗan kwanon tsimi da ɗigon sabulu can nesa, su faɗa su nutse. Feshin maganin ƙwari kusa da abin da mutane za su sha, wannan kam ganganci ne.

Saurin haihuwar nan da ke damun mai burkutu shi ya kai shi ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan a Jami'ar Columbia ta Amurka. A 1910 Morgan ya tsinci namiji guda mai farin ido cikin jajayen, ya bi zuriyarsa har ya gano yadda gado ke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1933.