Babur a Kano Lokacin Hunturu: Ba Irin na Gida Ba Ne

Duk wanda ya koyi babur a hanyoyin Gwaram ko Birnin Kudu yakan ɗauka ya ƙware. Ni ma haka na zata, har karatu ya kai ni Kano. Wata safiya cikin Janairu, hazo ya rufe Titin Gwarzo, sanyi ya ƙandarar min da yatsu, na kasa damƙe birki. Saura ƙiris na afka wa Adaidaita Sahu.

Ƙannena, in kun zo, ku sa hular kwano da safar hannu, ku kunna fitila ko gari ya waye. Masu niyyar acaba kuwa, ku sani tun Janairun 2013 aka hana ta a birnin Kano. Kada a ƙwace babur ɗin da Baba ya sayar da amfanin gona ya saya.