Mutum-mutumin jijiyar ƙwaƙwalwa da mutanenmu na Mayo

Tun watan Nuwamban 2025 labarin ke yawo a wayoyi, wai mutum-mutumi ya fara yi wa masu shanyewar ɓarin jiki tiyata, likita yana Amurka, majinyaci yana Birtaniya. Har na ji wani a majalisa yana cewa likitoci su fara neman wata sana'a. A yi hattara. Abin da ya faru a Jami'ar Dundee shi ne, Farfesa Iris Grunwald ta zaro gudan jini daga jijiyar ƙwaƙwalwa alhali tana wani gini daban, sannan Dakta Ricardo Hanel ya maimaita aikin daga Jacksonville ta jihar Florida. Amma fa a jikin gawa aka yi gwajin. Ita kuwa na'urar, hannun likita take bi, kamar yadda alƙalami ke bin hannun malam.

Aikin kansa ya daɗe. Ana huda jijiya a matsematsi, a zura siririyar waya da bututu mai laushi, a bi da su har cikin kai ana kallo a allon hoto, a kamo gudan jinin da ya toshe hanya. Wani bincike da aka yi a Holan, wanda aka wallafa a 2015, shi ya fara gamsar da likitoci cewa dabarar tana ceton mutane daga nakasa. Wahalar ita ce jijiyoyin kai a murɗe suke. Shi ya sa a 2019 masana a jami'ar MIT suka ƙera wata waya mai kama da zare wadda ake juya kanta da maganaɗisu daga waje, a shekarar kuma likitoci a Toronto suka yi amfani da mutum-mutumi wajen toshe jijiyar da ta kumbura a kan wata mata. Duk gaggawar nan dalilinta ɗaya: an ƙiyasta cewa mai irin wannan toshewar jijiya yana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti.

Masu tallar fasahar suna cewa don mutanen nesa aka yi ta. To, ni da na ji "nesa" sai Mayo ta faɗo mini a rai.

Yaranmu da yawa ba su san akwai unguwa mai suna Mayo a kudancin Khartoum da za ka shiga kasuwa ka yi ciniki da Hausa ba. Jikokin mahajjatan ƙafa ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka, da zuriyar waɗanda suka yi hijira gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ke amsa sunansa a bakin kogin Nilu, kusa da Sennar. Guminsu ya shiga audugar Gezira, amma ana yi musu kuɗin goro da sunan Fallata, wasu kuma suka daɗe suna fama kafin a yarda su ’yan ƙasa ne. Mu a nan ko a littafin makaranta ba mu ba su shafi guda ba. Abin kunya ne.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, yankin Mayo ya faɗa hannun RSF. A Satumban shekarar aka yi wa kasuwar Gouro da ke yankin luguden wuta ta sama, mutum sama da 40 suka mutu. Asibitin Bashair ne madogarar jama'ar yankin. A Oktoba ƙungiyar likitoci ta MSF ta dakatar da tiyata a can saboda an hana kayan aiki shigowa, a Janairun 2025 kuma ta janye saboda hare-haren da ake kai wa ma'aikata da majinyata. Masu halin tsallaka kogi sai su nufi asibitin Al-Nao a Omdurman, shi ma harsasai ba su ƙyale shi ba.

Yanzu a ɗauka dattijo ya faɗi a Mayo, baki ya karkace. Ko da ƙwararren yana zaune a Florida da na'urarsa, sai an sami motar asibiti, da na'urar hoton ƙwaƙwalwa da za ta bambance toshewa da fashewar jijiya, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet mai ƙarfi, da ma'aikacin da zai huda jijiyar da hannunsa. Wanne Mayo take da tabbacinsa? Kada ma mu yi dariya, asibitocin ƙananan hukumominmu nawa ne suka cika waɗannan sharuɗɗa?

Ga kuma namu laifin. Mutum ya faɗi, sai a ce bugun aljani ne, a kwana ana hayaƙi, alhali allurar narkar da gudan jini awa huɗu da rabi kacal take da amfani. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a cikin mota.

Sojoji sun karɓe Khartoum tun Maris ɗin 2025, hanya ta fara buɗewa. Kira gare ku, attajiranmu masu zuwa Umara sau biyu a shekara. Don Allah wani a cikinku ya aika wa Mayo na'urorin auna hawan jini da maganin shekara guda.