Dundumi: Abin da Wani Likitan Ido Ya Gano

Akwai yaron da yake wasansa lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ya laɓe a gefen uwarsa. Yana tuntuɓe da turmi, yana laluben kwanon tuwo. Wannan shi ne dundumi. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙaramin abu, tunda gari na wayewa yaron ya ci gaba da gani. Likitoci ma sun daɗe suna ganin matsalar ido ce kawai. Binciken wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, shi ne ya nuna cewa dundumi gargaɗi ne a kan ran yaron.

Yadda ido yake gani cikin duhu

Can cikin ido, a bangonsa na baya, akwai wani tantani mai laushi da likitoci ke kira retina. Haske yana shiga ta gaban ido ya sauka a kansa, shi kuma ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a wannan tantani iri biyu ne. Iri na farko, wajen miliyan 6, suna aiki da rana, su ne ke bambanta launi. Iri na biyu, wajen miliyan 120, su ne na gani da dare.

A shekarar 1933 wani matashin masani mai suna George Wald, yana aiki a birnin Balin na Jamus, ya gano akwai bitamin A a cikin wannan tantani. Daga baya ya koma Jami'ar Harvard, ya yi shekaru yana bin diddigin abin. Ya nuna cewa sinadarin da ke kama haske a cikin ƙwayoyin dare, da bitamin A jiki yake haɗa shi. Duk lokacin da haske ya taɓa shi sai ya warware, sai an sake haɗa shi. In bitamin A ya yi ƙaranci a jiki, ƙwayoyin dare su ne ke fara gazawa. Wannan aiki ya sa aka ba Wald kyautar Nobel a 1967.

Daga asibiti zuwa ƙauyuka

An haifi Alfred Sommer a Niyok a 1942. Bayan ya gama karatun likita ya yi aiki a kan cutar kwalara a ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash, inda ya koyi yadda ake bin sawun cuta cikin jama'a. Sannan ya ƙware a kan ido a Jami'ar Johns Hopkins. A 1976 ya tafi Indunusiya don ya gano abin da ke makantar da ƙananan yara a can.

Shi da abokan aikinsa 'yan ƙasar suka riƙa duba yara dubbai a ƙauyukan tsibirin Jaba, duk bayan wata uku, har tsawon shekara ɗaya da rabi. Suna tambayar iyaye mata ko yaro yana da abin da mutanen can ke kira "makantar kaji". Suka ga maganar uwa abin dogaro ce: in ta ce ɗanta ba ya gani da dare, yawanci haka ne.

Bayan ya koma gida yana sake duba takardun, sai ya lura da wani abu. Yaran da aka rubuta suna da dundumi ko tabo a farin ido, da yawansu ba su cikin lissafin zagaye na gaba, domin sun rasu. Mutuwa a cikinsu ta ninka ta sauran yara wajen sau huɗu. Ya buga wannan sakamako a 1983.

Sai ya gwada abin a ƙauyuka 450 na lardin Aceh. A rabin ƙauyukan aka ba yara bitamin A mai ƙarfi duk wata shida. Sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna mutuwar yara a waɗannan ƙauyuka ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Masana da yawa ba su yarda ba, suna ganin ɗan ƙwayar magani mai arha haka ba zai yi wannan aiki ba. Aka sake gwaji a Nefal da Indiya da arewacin Gana, aka ga lallai yana rage mutuwar yara. A asibitin Mvumi na Tanzaniya kuma aka ga yana ceton yaran da ƙyanda ta kwantar. Dalili shi ne, bitamin A yana kiyaye fatar cikin hanji da ta hanyar numfashi, yana kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Yaron da ya rasa shi, gudawa ko ƙyanda suna saurin kayar da shi.

Sommer ya shugabanci makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Johns Hopkins daga 1990 zuwa 2005. Ƙwayar bitamin A da ake ɗiga wa yaranmu a baki lokacin rigakafi, daga wannan bincike ta samo asali.

Alamun da za a kula da su

- Yaro ba ya gani sosai da magariba ko cikin ɗaki mai duhu.
- Farin idonsa ya bushe, ya daina sheƙi.
- Wani tabo kamar kumfar sabulu ya fito a farin ido.
- Baƙin ido ya yi hazo ko gyambo. Wannan na gaggawa ne, ido na iya lalacewa cikin 'yan kwanaki.

Abin da za ku yi

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku kawo yaron asibiti ranar nan. Kada a ɗiga masa kome a ido, ko ruwan ganye ko tozali. Dundumi yana warkewa cikin kwana kaɗan in an ba da magani, amma tabon da gyambo ya bari a baƙin ido ba ya gogewa.

Ku kai kowane yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 ya karɓi bitamin A sau biyu a shekara. Shuɗiyar ƙwaya ta 'yan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuma ta waɗanda suka cika shekara. Ku tabbata an yi masa allurar ƙyanda. Mace mai ciki kada ta sha wannan ƙwaya mai ƙarfi, domin tana iya cutar da ɗan da ke ciki. In tana da dundumi ta zo awo a ba ta abin da ya dace da ita.

Uwa ta ba jariri nono zalla har wata shida, ta ci gaba da shayarwa har shekara biyu. A ba yara hanta, ƙwai, madara, mangwaro, gwanda, karas, kabewa, zogale da alayyafo. A sa ɗan mai a miyar ganye, man gyaɗa ko manja, gama sai da maiƙo hanji yake iya tsotse bitamin A.