Lissafi da Kimiyya a Firamare: Abin da 'Ya'yanmu Ke Koyo da Kuma Namu Aikin

Sau da yawa idan yaro ya dawo daga makaranta da littafin lissafi ya ce a taimaka masa, amsar da yake samu a gidajenmu na zango ita ce, "Ni ban yi boko ba, je ka wurin yayanka." Alhali uwar da ta faɗi haka ita ce ke sayar da waake da shinkafa tun asuba, tana ba mutum biyar canji a lokaci guda ba tare da ta yi kuskuren ko sidi ɗaya ba. Haƙiƙa da iyaye sun san abin da ake koyarwa a ajin, da sun gane cewa yawancinsa yana cikin gidansu.

Tun daga watan Satumba na shekarar 2019 makarantun firamare a Gana suke aiki da sabuwar manhaja. A cikinta an kasa lissafi gida huɗu: ƙidaya, da gano tsarin da lambobi ke bi, da siffofi tare da awo, sai kuma tattara bayanai a jera su. Ɗan aji ɗaya ana so ya iya ƙirga zuwa 100, ɗan aji biyu zuwa 1,000, ɗan aji uku kuwa zuwa 10,000. A cikin waɗannan shekaru ne yake koyon tarawa da ɗebewa, daga nan ya shiga ninkawa da rabawa.

To, amma ginshiƙin abin duka shi ne yaro ya gane cewa kowace lamba tana da gidanta, wato gidan ɗaiɗai, da na gomomi, da na ɗaruruwa. Yaron da bai gane dalilin da ya sa 305 ya bambanta da 35 ba, zai yi ta haddace amsa yana wucewa aji zuwa aji, sai ya kai aji biyar ko shida asirinsa ya tonu. Daga nan sai a ji yana cewa shi ba shi da kan lissafi, alhali tubalin farko ne aka bari a karkace.

Ga kuma wata matsala da ta shafe mu musamman. Tsarin gwamnati shi ne a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida, kuma harsuna 11 ne aka ware domin makarantu, cikinsu har da Tuwi da Fante da Ga da Dagbani. Hausa ba ta cikinsu. Saboda haka ɗan Nima ko Sabon Zango a Ankara, ko ɗan Aboabo a Kumasi, yakan ji darasin ne da Turanci ko da wani harshen da ba shi ake yi a ɗakin uwarsa ba. Aiki biyu ke nan a kansa, yana kokawa da harshe yana kuma kokawa da lamba. Wanda zai fassara masa darasin zuwa Hausa yana gida.

Yaya za a yi? A ɗauki kuɗi. Sidi 1 da sidi 10 da sidi 100 su ne gidajen nan uku da malami ke zanawa a allo. Idan aka ce a ɗebe 17 daga 52, yaro yakan tsaya domin 7 ba ta fita daga cikin 2. Sai uwa ta ajiye masa takardar sidi goma guda biyar da sidi biyu, ta ce ya biya sha bakwai. Dole ya canza goma ɗaya ta koma ɗaiɗai, ya ga saura 35 a hannunsa. Wannan shi ne "aro" ɗin da ake koya masa a aji. Hausa ma da kanta tana ɗebewa a cikin ƙidaya, domin tsofaffinmu sukan ce ashirin babu biyu idan suna nufin 18. Ɗan kasuwar goro ya san ƙwarya goro ɗari ce, don haka ƙwarya bakwai ninkawa ce. Mai awon masara da olonka ta san rabi da kwata. Malamin da ke rabon gado kuwa ya san sulusi da rubu'i da sumuni, waɗanda su ne ake rubuta wa yaro 1/3 da 1/4 da 1/8.

Ta fannin kimiyya an kasa darussan gida biyar: ire-iren abubuwa masu rai da marasa rai, da abubuwan da ke kewayawa su dawo kamar dare da rana da ruwan sama, da yadda sassan jiki ke aiki tare, da ƙarfi da makamashi kamar haske da zafi da lantarki, sai kuma ɗan Adam da muhallinsa. Wannan ma ba sai an sayi kayan gwaji ba. A samo gwangwani uku a zuba ƙwayar wake a kowanne. Na farko a bar shi a bushe, na biyu a sa auduga mai danshi, na uku a cika shi da ruwan da aka tafasa ya huce. Bayan 'yan kwanaki na biyun ne zai tsira da kyau, sai yaro ya gani da idonsa cewa iri yana bukatar ruwa da iska. Haka nan idan aka buɗe tukunya aka ga ɗigon ruwa a jikin murfi, a nuna masa cewa tururi ne ya haɗu da sanyi ya koma ruwa, kuma ta haka girgije ke samuwa.

Kada a ɗauka waɗannan darussa na cin jarrabawa ne kawai. Cutar kwalara da ta ɓarke a 2014, wadda ta fi tsanani a Ankara, ta kashe mutane fiye da 200 a ƙasar nan. Yarinyar da ta fahimci yadda ƙwayar cuta ke bin ruwa da hannu ta shiga ciki, ita ce za ta rufe randa ta kuma sa ƙannenta wanke hannu da sabulu. Idan aka hana ta aji saboda tallan safe, gidan ne ya yi hasara.

Saboda haka muna kira ga iyaye maza da mata, duk yamma a tambayi yaro abin da aka koya masa, a ce ya faɗe shi da Hausa. Idan ya iya bayyana shi, to ya gane. Idan ya kasa, a je a ga malaminsa tun zangon karatu bai ƙare ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.