Tsohon Piyano da Sabo: Muryoyin da Makaɗan Yau Ke Nema

Piyano akwati ne na katako da aka miƙe tsirkiyoyin ƙarfe a cikinsa, wanda idan makaɗi ya danna ɗaya daga cikin madannansa sai wata 'yar guduma ta tashi ta bugi tsirkiya ta koma mazauninta, amon kuma ya bazu ta wani faffaɗan allo na katako da tsirkiyoyin ke zaune a kansa. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, kuma abin da ya bambanta shi da kayan kiɗan da suka gabace shi masu fizgar tsirkiya maimakon bugunta shi ne cewa ƙarfin amo yana bin ƙarfin yatsa, a danna a hankali ya yi laushi, a danna da ƙarfi ya yi ƙara. Uku daga cikin waɗanda Cristofori ya ƙera suna nan har yau: na 1720 a New York, na 1722 a Roma, na 1726 a Leipzig ta Jamus.

Piyanon da ake gani a manyan zauruka yanzu ya yi nisa ƙwarai da wancan. Yayin da zaurukan kiɗa suka ƙara girma a ƙarni na 19, sai maƙera suka shiga neman amon da zai kai ga na sahun baya. Sébastien Érard ya fito da dabarar da ke ba guduma damar maimaita bugu cikin sauri a 1821, Alpheus Babcock ya yi rajistar firam na zubin ƙarfe a Amurka a 1825, sannan a 1859 kamfanin Steinway ya yi rajistar gicciya tsirkiyoyin kauri a bisa sauran a cikin babban piyano. An kuma daina lulluɓe guduma da fata, aka koma matsattsen gashin tumaki. Abin da ya fito daga wannan shi ne piyano mai madannai 88 da tsirkiyoyi fiye da 200, waɗanda jimillar ƙarfin jansu ya kusa tan 20, alhali na Mozart, ƙirar Anton Walter na Vienna, madannai 61 kawai gare shi a kan firam na katako zalla.

An samu ƙarfi da daidaito, amma an yi asarar wani abu da ba a cika lura da shi ba sai daga baya. Tsohon piyano ba murya ɗaya gare shi ba: ɓangaren ƙasa yana da amo mai kaifi da ɗan gurnani, na tsakiya yana kusa da muryar mutum, na sama kuma siriri ne mai saurin ɗaukewa, kuma da yake tsirkiyoyin a jere suke ba a gicciye ba, kowane ɓangare yana riƙe da launinsa, bai narke cikin na kusa da shi ba. Saurin mutuwar amon ma, wanda aka daɗe ana ɗauka aibi ne, shi ke sa a ji kowane sauti daban ko da an danna da yawa a tare. Duk wanda ya san bambancin ganga mai fatar akuya da ta roba zai gane batun, domin ta robar ta fi jure zafi da damina, amma kunnen makaɗi ya san abin da ya rasa. Bugu da ƙari, yawancin piyanon Vienna na farkon ƙarni na 19 suna da matakan ƙafa da aka watsar daga baya, wani yana zura ƙyalle tsakanin guduma da tsirkiya don a sami amo mai taushi, wani yana ɗora takarda a kan tsirkiyoyin kauri su riƙa zuza, wani ma yana buga ƙararrawa da ganga irin na kiɗan sojan Turkiyya.

Idan aka san wannan, sai a fahimci cewa abubuwa da dama da ake kira sabbi a kiɗan piyano na zamani suna da tsohon tushe. A 1940, a birnin Seattle, an nemi John Cage ya tsara kiɗa don wata rawa a wurin da babu filin ajiye ganguna, sai ya cusa kusoshi da wasu tarkace tsakanin tsirkiyoyin piyano, har ya zama madanni ɗaya na fitar da ƙarar ƙarfe, na kusa da shi kuma ƙarar itace. A babban aikinsa Sonatas and Interludes, wanda ya tsara daga 1946 zuwa 1948, sautuka 45 ne ake yi wa wannan shiri da kusoshi da roba, bisa wani jadawali da ya nuna inda za a sa kowanne, kuma shirin kan ci awa biyu ko fiye kafin a fara kiɗa. Bajamushe Nils Frahm ya bi ta wata hanyar a faifansa Felt na 2011, inda ya sa ƙyalle mai kauri tsakanin guduma da tsirkiya don kada ya dami maƙwabta da dare, ya kuma kafa makirufo daf da cikin akwatin, ta yadda mai sauraro ke jin motsin katako da tashin guduma da numfashin makaɗin, wato ainihin abubuwan da maƙeran ƙarni na 19 suka sha wahalar ɓoyewa. A 2014 maƙeri David Klavins ya ƙera masa piyano mai madannai 64, tsirkiya ɗaya tak ga kowane madanni, ba tare da akwatin rufi ba.

Wasu kuma wajen saitin tsirkiya suka nufa. Piyanon yau yana raba kowane zango, wato tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, gida 12 daidai wa daida, tsarin da bai zama gama-gari ba a zamanin Cristofori. La Monte Young ya sake saita piyano bisa lissafi na daban a aikin da ya fara a 1964, Georg Friedrich Haas na Ostiriya kuma ya haɗa piyano 6 a 2010, kowanne da ɗan bambancin saiti, don a ji sautukan da ke faɗawa tsakanin madannai. A Najeriya kuwa, ba saiti ba, salon kaɗawa Akin Euba ya duba, inda ya yi kira da a kaɗa piyano da tunanin mai ganga.

Maƙera ma sun waiwaya. Bayan Daniel Barenboim ya kaɗa wani gyararren piyano na Franz Liszt a Siena a 2011, ya nemi a ƙera masa na zamani mai jerarrun tsirkiyoyi, kuma Chris Maene na Beljiyam ya cika masa buri, aka nuna shi a Landan a 2015. A 2018 aka fara gasar kaɗa ayyukan Chopin a kan piyanon zamaninsa a Warsaw, inda Tomasz Ritter ya zo na ɗaya.

Ba daidai ba ne a ɗauki tsohon piyano a matsayin gwajin da bai kammala ba, kamar yadda ba daidai ba ne a ce na zamani ɓata asali ya yi, domin ayyukan Rachmaninoff da makamantansu ba za su tsaya a kan firam na katako ba. Mai son ya tabbatar wa kansa ya nemi aiki guda na Mozart a intanet, ya saurare shi a kan kwafin piyanon Walter, sannan a kan Steinway, ya kasa kunne musamman ga abin da hannun hagu ke kaɗawa.