TUMBI DA TEƁA: NASIHA GA 'YAN KWARI DA DUK MAI ZAMAN SHAGO

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa masu albarka, darasinmu na yau a kan ƙiba ne, musamman tumbin maza da teɓar mata. Na ware 'yan Kantin Kwari ne don su suka fi yawan aiko wannan tambaya, amma maganar ta shafi na Singa da na Wapa da na Sabon Gari, har da uwargida da ke saro atamfa tana sayarwa a cikin gida.

*YADDA TUMBI KE SHIGOWA*

Ɗan uwa, duba wuninka da kyau. Ka fito gida a mota ko adaidaita sahu har bakin layi. Ka zauna. Mai shayi ya kawo haɗin kauri da biredi da wainar ƙwai. Hantsi ya yi, mai fura ta zo. An yi azahar, yaron shago ya sayo shinkafa da miya, mai yana iyo a kai, ga lemon kwalba mai sanyi. Baƙo ya zo daga Maraɗi ko Njamena, dole a karrama shi da balangu, kai ma ka sa hannu. Da daddare gurasa da tsire, ka isa gida Hajiya ta ajiye tuwo, ba ka isa ka ce ka ƙoshi ba. Daga nan sai gado.

To, dubi ɗan dakon da ke sauke maka dila. Shi ma malmala biyu yake tashi da ita, amma ka taɓa ganinsa da tumbi? Abin da ya ci ya ƙone shi a aiki. Kai kuwa kaya na shigowa sito kullum, ba a fitarwa. Jiki sai ya mayar da rarar kitse ya jibge a ciki, a kewayen hanta da hanji. Wannan kitsen na ciki shi ne mugu. Shi ke buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon gwiwa, ga minshari, ga raunin iyali da maza ke jin nauyin faɗa. Mutum ya kai ga ba ya iya sujada sai a kan kujera alhali bai cika hamsin ba, haba, ai wannan ba alamar arziki ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta.

*AUNA KANKA*

Ɗan Kwari ba ya rasa tef. Ka zagaya shi a cikinka daidai cibiya, kana tsaye, kar ka shanye ciki. Namiji in ya wuce inci 40, mace in ta wuce inci 35, an shiga haɗari. Hanya mafi sauƙi: kada zagayen cikinka ya wuce rabin tsawonka. Mai tsawon inci 68, cikinsa kar ya haura 34.

Likitoci kuma suna raba nauyi da tsawo. Misali mai kilo 95 da tsawon mita 1.70, a ninka 1.70 da kansa ya ba da 2.89, a raba 95 da shi, ya ba da kusan 33. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce sosai.

*ME ADDINI YA CE*

A Suratul A'araf aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, ya nuna ciki shi ne mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, kuma in ya zama dole a raba shi uku: abinci, abin sha, numfashi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Ka ga ke nan motsa jiki ba zubar da girma ba ne, kuma ba na maza kaɗai ba ne.

*MAGANIN INDIYA FA?*

Wasu da ke zuwa Indiya saro kaya ko neman lafiya suna dawowa da maganar Ayurbeda, wato maganin gargajiyarsu, suna tambaya ko ya halatta. Magani ilimin gwaji ne. A Sahihul Bukhari akwai kwaɗaitarwa a kan ƙusɗul Hindi, itace ne na Indiya. A zamanin Haruna Rashid an fassara littattafan likitancin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, kuma Aliyu ɗan Rabban Aɗɗabari ya ware musu babi a littafinsa Firdausul Hikma. Don haka abin da ya shafi abinci da tsiro mu ɗauka. Abin da ya shafi bautarsu da addu'o'insu mu bar musu.

A wajensu ƙiba tana zuwa ne idan sanyi da nauyi suka rinjayi jiki, abin da suke kira kafa, wutar narkar da abinci ta rikice. Tsohon littafinsu Charaka shi ma ya yi maganar raba ciki kashi uku. Suna umartar mai ƙiba da sha'ir, da ruwan ɗumi, da kayan yaji irin su citta da masoro, da cin babban abinci da rana a sauƙaƙa na dare, da 'yar tafiya bayan cin abinci. Suna hana shi barcin rana. Mu kuwa muna da ƙailula, sai dai a taƙaita ta, minti 20 ya isa, ba a cika ciki a miƙe a kan bandir har la'asar ba. Shahararren haɗinsu Triphala, 'ya'yan itace uku ne, likitocin Musulmi na da sun san shi da iɗrifal. Yana sassauta ciki ne, ba ya narka kitse.

A yi hattara da ƙwayoyinsu na kwalba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya samu dalma ko zaiba ko arsanik a kusan 1 cikin 5 na irin waɗannan magunguna da aka saya ta intanet.

*GYARAN ABINCI*

1. Fara da abin sha. Robar lemo ta 50cl takan ɗauki suga kusan ƙaramin cokali 12, wato duk iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a wuni. Maltina da zoɓon kasuwa da fura mai suga duk layi ɗaya ne. Ka koma ruwa. Shayi a rage suga kaɗan kaɗan har harshe ya saba.

2. Raba faranti. Rabi ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, lansir, ɗinkin. Kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse. Ragowar tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannunka.

3. Gero da dawa da acca da alkama da ba a cire dusarta ba sun fi farar shinkafa da taliya da biredi riƙe ciki. Amma su ma da awo.

4. Hajiya, a auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga galan. A rage gishiri da dunƙule. Kwaɗon zogale ma in aka cika masa ƙuli da mai ya tashi daga magani.

5. Abincin dare a ci bayan magariba, a bar aƙalla awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya.

6. Azumin Litinin da Alhamis da 13, 14, 15 ga wata. Ka yi don Allah, lafiya ta biyo baya. Amma kar buɗa baki ya zama ramuwar gayya da ƙosai da soyayyen dankali.

*TSIRRAI MASU TAIMAKO*

Duk ana samun su a Kasuwar Kurmi da shagunan magungunan Musulunci.

Hulba: ƙaramin cokali 1 a jiƙa a kofin ruwa ya kwana, da safe a sha ruwan a tauna 'ya'yan. Tana rage jin yunwa.

Shayin citta: ɗanyar citta kamar kan babban yatsa, ɗan guntun kirfa, masoro ƙwaya 3, a tafasa a kofi 2 na ruwa. In ya huce a matsa lemun tsami. Kofi ɗaya safe, ɗaya yamma, a madadin haɗin kauri.

Sha'ir: a dama shi kunu, wato talbina, a karya da shi ba suga.

Habbatus sauda: rabin ƙaramin cokali na garin a rana.

Zuma waraka ce, amma zaƙi ce. Ƙaramin cokali 1 a ruwan ɗumi ya wadatar.

Gaskiya ɗaya ce, 'yan uwa: waɗannan 'yan rakiya ne. Wanda ya sha hulba da safe ya kora lemo 3 da rana, kuɗinsa kawai ya zubar.

*TASHI KA TAKA*

Ana so babba ya samu aƙalla minti 150 na tafiya mai ɗan sauri a mako, wato minti 30 sau 5. Ka ajiye mota nesa, ko ka sauka daga adaidaita tun daga titin IBB ko Ibrahim Taiwo ka ƙarasa da ƙafa. Ka hau bene da kanka ka duba sito, ba komai ne sai yaro ba. Ran Juma'a ka taka zuwa masallacin Fagge, ga lada ga lafiya. Bayan kowane abinci ka zaga layi na minti 10. Uwargida kuma tsakar gida ta ishe ki, ki zaga bayan asuba kina azkar.

*GARGAƊI*

Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage ƙiba ba ne, kuma mai ciki ta nisanci hulba da sanamaki. Mai shan maganin suga ko yin allurarsa, kar ya fara hulba ko azumin nafila sai ya ga likitansa, don suga na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai gyambon ciki ya bar citta da lemun tsami kafin karin kumallo. Kirfa kar a zarce, yawanta na taɓa hanta. Kar wanda ya ajiye maganin hawan jininsa don ya fara haɗinmu.

Shayin rage tumbi da ake talla, wai kwana 7, yawancinsa sanamaki ne. Gudawa yake sa ka, ruwan jikinka ya tafi, kitse na nan daram. Duk abin da ba shi da lambar NAFDAC, ko mai shi ya ƙi faɗin abin da ke ciki, a bar shi. 'Yan mata masu shan sha-ka-fashe don biki, 'ya'yana ku ji tsoron Allah, wannan kumburi ne, kuma yana jawo suga da hawan jini.

In ƙafa na kumbura, ka danna yatsa ya lotsa, ko numfashi na sarƙewa in ka kwanta, wannan ba ƙiba ba ce. A garzaya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a duba zuciya da ƙoda.

Kar ka nemi zubar da kilo 20 a wata guda. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne mai ɗorewa. Mai kilo 100 in ya sauke 5 zuwa 10 kacal, zai ga canji a suga da jini da gwiwa. Yau ka auna cikinka ka rubuta a bayan littafin ciniki, bayan kwana 40 ka sake aunawa. Ba wanda ke barin shago wata shida bai yi lissafi ba, jikinka kuwa shi ne uwar kuɗin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.

Wassalamu alaikum.