Indakshan ko halojin: tukunyarki ce za ta yanke hukunci

Duk wanda ya canza gida a Birtaniya cikin 'yan shekarun nan ya san murhun gas yana ta ja da baya. Gidaje masu hawa da yawa ba a ma ja musu bututun gas ba. Abin da za ka tarar a kicin baƙin gilashi ne a shimfiɗe, sumul kamar madubi. Gilashin nan iri-iri ne, amma biyu suka fi rikita mutanenmu: indakshan da halojin. A ido kamar Hassan da Hussaini suke, a hali kuwa sun sha bamban.

Shekarata goma sha biyu a Landan, ina girkin suna da biki a ƙarshen mako, na kuma ɗora tukunya a kan kowannensu, a gidana da gidajen mutane. Abin da na fahimta shi ne, mai shago zai yi miki bayani da tukwanen Turawa da abincin Turawa a ransa. Ke kuma tuwo za ki tuƙa, ganda za ki dafa, waina za ki soya. Don haka bari mu duba su da idon girkinmu.

Yadda kowanne yake aiki

Halojin fitila ce. A ƙarƙashin gilashin akwai ƙwan lantarki masu tsananin zafi, kina kunnawa za ki ga wurin ya yi jawur. Zafin fitilar ya ratsa gilashin, gilashin ya ɗauki zafi, tukunya ta ɗauka daga gare shi. Yanzu halojin na ainihi ya yi ƙaranci a shaguna. Yawancin waɗanda ake kira seramik waya ce mai yin ja a ƙasansu maimakon fitila. Amma dangi ɗaya ne, duk abin da zan faɗa kan halojin ya shafe su.

Indakshan kuwa babu abin da ke yin ja a cikinsa. Naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe ce a ƙasan gilashin, idan lantarki ya bi ta sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi ne yake shiga gindin tukunya ya sa ƙarfen ya yi zafi da kansa. Wato tukunyar ce murhun. Ilimin ba sabo ba ne, Michael Faraday ya gano tushensa a nan Landan tun 1831, kawai shigowarsa kicin ce ta ɗauki lokaci.

Ranar farko da surukata ta ga na ɗora ruwa ya tafasa ba tare da ta ga wuta ba, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, wannan girki ne ko siddabaru?" Na ce, "Hajiya, ai wutar tana cikin tukunyar." Ta ce to Allah Ya kyauta.

Maganar tukwane

Nan ne gizo ke saƙa. Indakshan ba ya aiki sai da tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Gwajin ba wuya: ciro maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji ki kai shi gindin tukunya. In ya kama gam, za ta yi. In ya faɗi, ko za ki kwana kina danna maɓalli ruwa ba zai yi ɗumi ba. Tukunyar baƙin ƙarfe mai nauyi tana yi, masu fenti na ƙarfe suna yi, masu ƙyalli da ba sa tsatsa wasu suna yi wasu ba sa yi. Alminiyam zalla, jan ƙarfe, tangaran da tukunyar ƙasa duk ba sa yi.

Ga matsalar: tukwanen da muka ɗauko daga gida, irin tukunyar dalma da ake zubawa a Panteka ta Kaduna ko kasuwar Katako ta Yamai, duk alminiyam ne. Wata tukunyar ma ta kayan ɗaki ce, uwa ce ta saya, ba abar da za a jefar ba ce don an yi sabon murhu. Ana sayar da wani faifan ƙarfe da ake sawa tsakanin gilashi da tukunya, yana aiki, amma yana cinye saurin da aka sayi murhun dominsa.

Halojin ba ruwansa da irin ƙarfen, kowace tukunya yana karɓa. Sai dai kada wannan ya ruɗe ki: shi ma sai gindi mai faɗi, shafaffe. Tukunyar tuwo mai zagayen gindi, wadda aka yi don duwatsun murhu uku, ba ta zama daidai a kan kowane gilashi. Tanda ma haka. Mu dai nan mun koma sayen kaskon da Indiyawa ke soya wainarsu ta shinkafa, paniyaram, a shagunansu. Akwai masu gindin da indakshan ke kamawa, sai ki tafi da maganaɗisunki a jaka.

A bakin girki

Wajen sauri babu haɗi. Indakshan yana tafasa ruwan talge tun kafin ki gama tankaɗe gari. Abin da ya fi saurin burge ni shi ne jin magana: kina rage wuta ya ragu nan take, kamar gas. In kin gama tuƙi kina son tuwo ya sulala a hankali, ko miyar kuka ta taso za ta zube, dannawa ɗaya ta isa. Halojin ba haka ba. Fitilar tana mutuwa da wuri, amma gilashin yana riƙe da zafinsa, sai tuwo ya ci gaba da kamu. Mai son ƙanzo ba zai yi kuka ba, mai wanke tukunya zai yi.

Indakshan ma yana da nasa halin. Kin ɗaga tukunya, zafi ya yanke. Masu araha a ƙaramar wuta kunnawa suke suna kashewa, sai ki ga miya tana tafasa tana tsayawa. Akwai kuma ƙarar fanka da ɗan kuka da wasu tukwane ke yi. Wajen tuƙi kuwa, a kowane gilashi ki riƙe tukunya da kyau da tsumma, domin in muciya tana jan ta tana gurzar gilashin zai karce.

Wajen shara, miyar da ta zube a halojin ƙonewa take ta manne, sai an kankare. Sukari ya fi komai haɗari: in kina tuwon madara ya ɗiga a gilashi mai zafi, ki goge da wuri, in ya sandare yana iya ɓantarar fuskar gilashin. A indakshan gilashin bai kai wannan zafin ba, tsumma mai laima ya wadatar.

Yara da tsofaffi

Wannan ya fi kuɗi muhimmanci. Halojin yana komawa baƙi bayan an kashe, alhali zafinsa yana nan na tsawon mintuna masu yawa. Akwai alamar H da ke haskawa don gargaɗi, amma yaro ɗan shekara biyu bai san H ba. Na ga tafin hannun ɗan maƙwabciyata bayan ya dafa irin wannan gilashi, ba na fatan kowace uwa ta gani. Indakshan ma yana ɗaukar zafi daga gindin tukunya, amma bai kai can ba, yana kuma hucewa da wuri. In yaro ya kunna babu tukunya a kai, ba abin da zai yi zafi. Sai dai kada a bar cokali ko wuƙa a kansa, su ma ƙarfe ne.

Ta ɗaya gefen, in akwai mai na'urar daidaita bugun zuciya a gida, shawarar da ake bayarwa a Birtaniya ita ce ya bar tazarar aƙalla santimita 60 tsakaninsa da indakshan mai aiki. In Hajiya ko Baba suna da ita kuma suna shiga kicin, a tambayi likitansu kafin a saya.

Kuɗin wuta da wayar gida

Masu talla za su ce miki indakshan zai raba kuɗin wuta biyu. Ba haka ba ne. Shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta indakshan na isar da kusan kashi 85 cikin 100 na makamashi ga tukunya, sauran murhunan lantarki kashi 75 zuwa 80. Akwai rangwame, amma kaɗan ne, ga shi ya fi tsada wajen saye, ga kuɗin sababbin tukwane.

Ki kuma duba wayar kicin. A Birtaniya akwai indakshan mai filogi na amp 13, wanda duk kawunansa huɗu kilowat 3 suke rabawa. Ranar Sallah, shinkafa a nan, miya a can, nama a gefe, sai ki ga kowanne ya yi sanyi. Mai yawan baƙi ta nemi na amp 32, mai kai kilowat 7 da ɗoriya, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ne zai haɗa. 'Yan'uwa na Amurka, babban murhun sai layin bolt 240. Mai zaman haya kada ya cire komai sai da izinin mai gida. Ƙaramin indakshan mai kai ɗaya da ake jonawa a soket ya ishi ɗalibi ko gwauro.

Masu niyyar aika shi gida tsaraba, ku dakata ku yi lissafi. Kai ɗaya yana jan wat 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, wuta mai hawa da sauka kuma tana lalata kayan cikinsa. Inna ba ta buƙatar abin da zai zama ado a kan kabad.

To wanne?

In gidanki ne, kina da ƙananan yara, kuma za ki iya sayen tukwane uku ko huɗu masu kyau, ni dai indakshan zan ce. In kuɗi sun yi kaɗan, ko tukwanenki duk alminiyam ne masu shafaffen gindi, ko akwai mai na'urar zuciya a gida, halojin ko seramik zai yi miki aiki, ki dai koyi kashe shi minti biyar kafin girki ya nuna, ki kuma tsare yara daga gilashin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kafin ki je shago, ki fito da tukwanenki gaba ɗaya, ki bi su da maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya, ki ƙirga waɗanda ya kama.